Kuben da Ya Fi Sanda Tauri Shi Ke Sake Karya Ta

Sandar fatsa ta zamani takan karye ne a wuri ɗaya, a cikin ƙiftawar ido, alhali sauran jikinta na nan lafiya lau. Ƙofar mota ta datse ta, ko mai ita ya ɗaga ta tsaye ƙyam yana jan babban kifi, sai a ji ƙas. Daga nan mutane kan kasu gida biyu. Wasu su jefar da ita su nemi sabuwa. Wasu kuma su cusa ƙusa ko guntun ƙarfe a cikinta, su malala gam, su naɗe da roba. Duka biyun kuskure ne. Sandar da ta karye gida biyu tana gyaruwa, amma gyaran yana da sharaɗi guda da ya saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa: facin da za a yi mata kada ya fi ta tauri.

Fahimtar wannan sharaɗi na bukatar sanin yadda ake ƙera sandar. Gangar jikinta bututu ne mai rami a ciki, mai kauri a gindi, yana sirancewa har zuwa tsini. Ana shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi ko na kabon wanda aka jiƙa da gam, a naɗe shi a kan siririyar sandar ƙarfe, a gasa a tanda, sannan a zare ƙarfen. Sandunan zaren gilashi sun bazu a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, inda kamfanin Shakespeare ya fito da tasa a 1947. Zaren kabon kuwa ya shigo harkar a farkon shekarun 1970, lokacin da kamfanin Fenwick ya fitar da sandarsa a 1973. Kabon ya fi gilashi rashin nauyi da tauri, sai dai ba ya yafe duka. Ƙaramin rauni da ido bai gani ba ya isa ya zama mafarin karaya bayan watanni.

Aikin sanda shi ne lanƙwasa. Idan kifi ya ja, nauyin yakan rarrabu a tsawon jikinta, kowane sashe ya ɗauki rabonsa. Da zarar an sanya wani abu mai tauri a tsakiya, wannan wurin ya daina lanƙwasa, sai nauyin da ya kamata ya ɗauka ya taru a bakinsa na sama da na ƙasa. A nan ne sabuwar karaya ke fitowa, daf da tsohuwar. Wannan ne dalilin da ya sa sandar da aka cusa wa ƙusa ba ta kai wata fita ta biyu.

Hausawa sun san aikin mai ɗori, wanda ke jera karare a gefen ƙashin da ya karye ya ɗaure tamau. Hikimarsa ita ce hana motsi har ƙashi ya haɗe, sannan a kwance. Sanda kuwa ba ta warkewa. Abin da aka ɗora mata zai zauna tare da ita har ƙarshen rayuwarta, don haka dole ya iya rusunawa duk lokacin da ta rusuna. Mai gyaran da ya ɗauki dabarar ɗori ya kawo ta nan ya ɗauko maganin wata cuta daban.

Hanyoyin gyara biyu ne, kuma sau da yawa ana haɗa su. Akwai ɗan ciki, wato guntun da ake zurawa a cikin ramin bututun ya haɗa ɓangarorin biyu. Akwai kuma kube, wanda ake sanyawa daga waje ya rufe wurin karayar. Abin da ke raba kayan da suka dace da kowannensu lissafi ne mai sauƙi. Taurin bututu yana ƙaruwa da faɗinsa cikin sauri ƙwarai: idan aka ninka faɗin bututu mai siririn bango sau biyu ba tare da an taɓa kaurin bangon ba, taurinsa zai ƙaru kusan sau takwas. Kube ya fi sandar faɗi tun da a kanta yake zaune, saboda haka ko da kayansu ɗaya ne, zai fi ta tauri. Ɗan ciki kuwa ya fi ta siranta, saboda haka zai fi ta laushi.

Daga nan amsar ta fito fili. Zaren kabon na yau da kullum yana da taurin da ya kai kusan 230 a ma'aunin gigafaskal, zaren gilashi kuma kusan 72, wato kabon ya ninka shi sau uku. To, a waje gilashi ya dace, domin laushinsa yana rama yawan faɗinsa. A ciki kuwa kabon ya fi, domin taurinsa yana cike gurbin sirantarsa. Wanda ya sayi kuben kabon mai tsada don yana ganin ya fi daraja ya biya kuɗi ne ya sayo karaya ta biyu.

Mafi kyawun wurin samun waɗannan kaya shi ne tsohuwar sandar da ta riga ta mutu, domin ita ma tana sirancewa kamar yadda wadda ake gyarawa take yi, kuma sai sirancewar ta yi daidai kube zai zauna ba tare da girgiɗi ba. Ana daidaita bakin karayar, a cire zobban da suka tare hanya, a goge wurin da samfefa kaɗan don gam ya kama. Kube ya zama gajere, 'yan santimita a kowane gefe, a kuma fiƙe bakunansa su yi siriri yadda taurin zai ragu sannu a hankali. Gam mai haɗi biyu irin na Araldite, wanda ke ɗaukar sa'o'i kafin ya bushe, ya fi mai kamawa nan take, wanda yake bushewa ƙarau ya tsage in an lanƙwasa. Kafin ya daskare a tabbata zobba sun jeru a layi ɗaya. A ƙarshe a naɗe bakunan da zare a shafe da gam, domin bututu in ya sha nauyi yakan so ya baje ya tsage a tsaye, zaren ne ke riƙe shi.

Masu cewa sandar da aka gyara ba ta komawa kamar da suna da gaskiya. Za ta ɗan ƙara nauyi, kuma gwani zai ji bambanci a hannunsa. Akwai ma karayar da ba ta karɓar gyara, kamar wadda ta tsattsage a tsaye ta yi nisa. Idan kuma ɗan tsinin ne kawai ya gutsure, babu bukatar kube, sabon zoben kai ya wadatar. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai sanduna masu yawa da ake zubarwa ba bisa ƙa'ida ba.

Zubarwar kuma tana da farashi. Gam ɗin da aka gasa da zaren kabon ba ya narkewa kamar robar bokiti, shi ya sa sake sarrafa shi ke da wuya, yawanci juji yake ƙarewa. Ga mai fatsa a madatsar Tiga ko tafkin Kainji, wanda sandarsa daga ƙetare ta zo, ba shi da wani kamfani a kusa da zai aiko masa da sabon ɓangare, kuma kowace faɗuwar naira tana ƙara wa sabuwa tsada. A irin wannan hali, tsohuwar sandar gilashi da aka jingine a lungu ta isa ta ba da kube ga sanduna da dama. Abin da ya rage shi ne masu gyara su karɓi ƙa'idar, su daina auna nagartar faci da ƙarfinsa, su riƙa auna ta da yadda yake bin sandar idan kifi ya ja.