Filin Kwalliya: Kada Ki Sayi Turare Da Shaƙar Farko

Yau ga mu da J'adore, turaren kamfanin Dior na Faransa, wanda Calice Becker ta haɗa a 1999. Sunan na nufin "ina matuƙar so". Zobba masu ruwan zinaren da ke wuyan kwalbar kuwa, sarƙar wuyan matan Masai aka kwaikwaya.

Da kin fesa, ƙamshin lemo da sauran 'ya'yan itace ke fara tashi, amma ba ya daɗewa. Sai yasmin da wardi su biyo baya, daga ƙarshe almiski ya zauna a jiki.

Don haka ƙanwata, ki shafa a hannu, ki je ki dawo kafin ki kwance bakin zani. Haka ma samarin nan masu zaƙin baki, a bari lemon ya gushe tukuna.

Sai wata mai zuwa.