Dutsen ya tafi Amurka, rubutun fa?

Manomi a Hamdara, can gabas da Mirriya, ba ya bukatar kowa ya nuna masa Kaza da 'Ya'yanta ko Zara matar wata. Dare a wannan karkara duhu ne na gaske, irin wanda masanan taurari na Turai suke biyan kuɗin jirgi don su samu. Sai dai duk abin da ya gifta a wannan sama, labarinsa a bakin mutane yake ƙarewa.

A dubi husufin rana na ranar Laraba, 29 ga Maris 2006. Inuwar wata ta ratsa Katsina ta rufe Damagaram da hantsi. Tsofaffi suna tuna yadda gari ya yi duhu, amma mai neman lissafin wannan rana, rumbun hukumar NASA zai nufa.

Batun duwatsun da ke faɗowa daga sama ya fi zafi. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kilo kusan 25 a jihar Agadas, ɓallin duniyar Mars, mafi girma da aka taɓa samu. A Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3. Yamai ta fusata, ta buɗe bincike, ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Fushin yana da hujja. Amma ko sunan dutsen abin lura ne: NWA 16788, lamba kawai, daga jerin da ake jefa tsintuwar arewa maso yammacin Afirka.

Dutsen Zagami kuwa da sunan garinsu yake yawo. Ranar 3 ga Oktoba 1962 ya faɗo a ƙasar Katsina, kilo 18, dab da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gona. An rubuta rana, an rubuta wuri, an auna, an adana. Shekara talatin da uku bayan haka, a 1995, masana suka binciki iskar da ta maƙale a cikinsa suka ga ta yi daidai da ta Mars. A 1996 har an ɗora ɗan gutsurensa a kumbon da aka harba zuwa can. Damagaram ma tana da nata: wani ɗan dutse mai giram 46 da aka samu a 1999, yana cikin kundin ƙungiyar masanan duwatsun sama ta duniya da sunan Zinder. Mutum nawa a unguwar Birni ko Zango suka taɓa jin labarinsa?

Wannan kundi buɗe yake ga kowa a intanet, kuma yana da ƙa'ida: kafin a ba dutse suna sai an tantance irinsa, an ajiye samfur na giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari a wata cibiyar da aka yarda da ita. Haka manyan rumbuna suke aiki. Rumbun MAST na Baltimore, mai ajiye hotunan madubin Hubble, yana karɓar bayanan da masana suka tace, tare da bayanin yadda aka tace su, don wanda ba a haifa ba tukuna ya iya sake lissafin. Tarin hotuna marasa kwanan wata kuwa ba su da maraba da hatsin da ba a sheƙe ba.

Za a ce ƙasar da ke fama da fari da tsaro ina ta ga kuɗin kallon taurari. Ba madubin biliyoyi ake magana ba. Tun 2018 shirin Global Meteor Network yake aiki da ƙananan kyamarori da 'yar kwamfutar Raspberry Pi a kan rufin gidaje. Kyamara biyu a wurare daban sun isa a gano hanyar da dutse ya bi, a kintaci gonar da ya faɗa. Abin da ake bukata shi ne ɗaya a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ɗaya a rufin wata makaranta a Hamdara, da farantin hasken rana, da ɗalibin da zai riƙa tura bayanan duk wayewar gari. Aiki mai wuyar shi ne na ɗalibin, musamman lokacin hunturu, idan ƙura ta rufe gilashin kyamara kuma intanet ya ɗauke kwana uku.