A yanka wa mai ɗaukar hoto haƙƙinsa kafin ya rataya kyamara

A yawancin shagunan hoton da na sani, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, ba mai iya faɗa maka nawa yaron shago ke samu a wata, har shi yaron kansa. Da almuru maigida zai jawo aljihun tebur, ya zaro abin da ya sawwaƙa, ya ce "ungo na sabulu." Ran da kasuwa ta yi kyau ya ɗan ƙara, ran da ba a yi ciniki ba a rabu da "Allah ya kai mu gobe." Wanda ake sallama haka kuwa sau da yawa magidanci ne mai 'ya'ya, shi ke ɗauka, shi ke gyara a kwamfuta, shi ke wanke hoton.

Shagona na buga takardu yana jikin wani shagon hoto, janareto ɗaya muke sha, don haka na san kukan masu shago ba na banza ba ne. Wayar hannu ta cinye hoton kwalliya. Abin da ya rage shi ne fasfo na masu cike JAMB da NECO da neman aiki, sai biki da suna da saukar Alƙur'ani, sai Sallah. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da inji don fasfo huɗu ya zama abin lissafi. Kuma ba mu manta 2021 ba, lokacin da gwamnatin Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan waya na watanni saboda 'yan bindiga. Wanda ya ga wannan zai ji tsoron ɗaura wa kansa albashi mai nauyi.

Sai dai wannan hujja ce ta a yanka kaɗan. Ba ta halatta a ƙi yankawa ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka hukuma ba za ta shigo shagon mutum uku ba. Amma duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ijara a Risala ya san sharaɗin ɗaukar mutum aiki shi ne a ambaci ladan tun farko. "Za mu daidaita" ba lada ba ne.

Wasu sun koma tsarin kaso zalla: an yi aiki ka samu, ba a yi ba ka tashi hannu rabbana. A kaka da gab da azumi, lokacin da ɗaurin aure ke cin karo da juna, yaro zai ji daɗi. To da damina fa, ko tsakiyar azumi, da zai wuni yana goge gilashi yana jiran mai fasfo? Zaman nan ma aiki ne, don ba shi da damar tafiya gona.

Ni a ganina a haɗa biyun. A sa ɗan albashin wata tsayayye, ko da na cefane ne, sannan a ɗora kaso a kan kowane aiki bayan an cire kuɗin takarda da tawada da mai. A ce an karɓi aikin biki a kan 40,000, kayan aiki sun ci 15,000, saura 25,000. In an yi da shi kashi uku cikin goma, nasa 7,500, kowa na iya lissafawa a kan yatsu. Aikin waje kuma kasonsa ya ɗara na cikin shago. Wanda ya hau babur da kyamara a wuya ya shiga ƙauyen Faskari ɗaukar kamu, yana ta duba agogo don kada magariba ta riske shi a hanya, ba a haɗa shi da mai danna fasfo a inuwa. Daren da aka raba ana gyaran fuskar amarya a Photoshop shi ma a sa masa farashi, don yawanci shi ake mantawa.

Yaran ma ba a bar su a baya ba. Akwai mai ba kwastoma lambar asusunsa ya karɓe kafin alƙalami, akwai mai fita da kyamarar maigida ranar Juma'a ya yi aikin gefe. Wannan cin amana ne, ba na kare shi. Amma na lura ya fi yawa a inda ba a san rabo ba, domin nan ne kowa ke yanka wa kansa fatawa cewa haƙƙinsa yake ɗiba.

Ɗan koyo zancensa daban: a faɗi shekarun da zai yi da ranar yaye shi. Shi kuwa ƙwararre, a sayi littafi mai bango, a rubuta albashi da kaso da wanda zai biya in gilashin kyamara ya fashe a bakin aiki, dattijo ɗaya ya shaida. Gara a yi haka yanzu, kafin 'yan takarar 2027 su fara layin hoton fasta, don a kan irin wannan kuɗin mai kauri ne maigida da yaronsa suka fi ɓatawa.