Tabon Fatar Zabiya: A Kontagora Ya Kamata A Fara Ganinsa

Tawadar Allah ba abar damuwa ba ce a wurin yawancin mutane, amma a jikin zabiya tana iya zama farkon musiba. Fatar da ba ta da sinadarin melanin ba ta da garkuwa daga rana, kuma a garin noma irin Kontagora, gona da kasuwa da talla duk a ƙarƙashin rana suke.

Yawancin baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke fitowa a fuska da wuyan zabiya ba su da illa. Abin tsoro shi ne wanda bai yi baƙi ba. Sankarar da ta fi kama zabiyoyi takan soma ne da ɗan gautsi mai kaushi a leɓe, kunne ko bayan wuya, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Hatta melanoma, wadda aka sani da duhun launi, takan fito ja-ja a jikinsu. Ma'aikacin lafiyar da aka koya wa neman baƙin tabo kaɗai zai shafa magani ya sallami mara lafiya, sai bayan watanni a dawo da shi ciwon ya ci nama.

Dokoki dai akwai su. An sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin masu rauni. Kowace 13 ga Yuni, ranar zabiyoyi ta duniya, ana taro a Abuja, a ɗauki hotuna, a watse. Tanadin gwamnatin tarayya kan wannan ciwo ya fi karkata ga Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wanda sau da yawa manomin Kontagora ba ya isa gare shi sai lokaci ya ƙure.

Masu rubuta takardun kasafi da mataimakan 'yan majalisa na da ikon gyara wannan. A sanya man kariya daga rana da malafa mai faɗi cikin kayan da asusun kula da lafiya a matakin farko ke biya. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa duba fatar zabiya aƙalla sau biyu a shekara, Babban Asibitin Kontagora kuma ya samu halin yanke tabon da ake zargi ya aika da shi gwaji tun yana ƙarami.