Ƙofar da Gwamnatin Ostareliya ta Kasa Rufewa

A watan Agustan 2001 wani jirgin ruwan ƙasar Norwe mai suna Tampa ya ceto mutum 433 a teku, akasarinsu 'yan Afganistan, amma gwamnatin John Howard ta hana su sauka a Ostareliya. Duniya ta yi ta surutu a kan wannan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gyaran da majalisar ƙasar ta yi wa Dokar Shige da Fice ta 1958 a wannan shekarar, inda ta cusa sashe na 474, wanda ya ce hukuncin da hukuma ta yanke kan biza ya zama na ƙarshe, babu kotun da za ta taɓa shi.

Mu da muka ga mulkin soja mun san irin wannan sashe. Haka Doka ta 2 ta 1984 ta ɗaure hannun alƙalanmu kan mutanen da aka tsare ba tare da shari'a ba. Bambancin kawai shi ne, can zaɓaɓɓiyar majalisa ce ta aikata.

Ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake. Wanda ya nemi bizar mafaka, jami'in ma'aikata ne ke fara duba maganarsa. In an hana shi, sai ya je gaban wani kwamitin sake nazari, wanda ke sauraron labarin tun daga tushe. Bayan nan ne sai kotu, ita kuwa ba ta tambayar ko tsoron da mutumin yake ji gaskiya ne. Abin da take dubawa shi ne ko an bi doka, ko kuma an ba shi damar kare kansa.

Wannan 'yar ƙofar ce gwamnati ta so toshewa. A shekarar 2003, a shari'ar da aka fi sani da S157, Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi amincewa. Ba ta soke sashen ba, sai ta ce hukuncin da jami'i ya yanke bayan ya wuce huruminsa ba hukunci ba ne a idon doka, don haka sashen bai kāre shi ba. Kuma ikon da sashe na 75(v) na tsarin mulki ya ba kotun a kan jami'an tarayya, majalisa ba ta isa ta ƙwace shi ba. (Da lambobi ake kiran waɗannan shari'o'i domin doka ta hana kotu bayyana sunan mai neman mafaka, kada a jefa shi ko danginsa cikin haɗari.)

Amfanin hukuncin ya fito fili a 2006. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Iran ya ce yana tsoron komawa gida saboda karkatarsa ga addinin Kirista. Kwamitin ya ƙi yarda da wasu sassan labarinsa waɗanda jami'in farko bai nuna shakka a kansu ba, kuma bai faɗa masa cewa nan ne matsalar take ba. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Ko labarin nasa gaskiya ne ko ƙarya, a ganina an zalunce shi, domin an kayar da shi a kan tambayar da ba a yi masa ba.

Masu goyon bayan gwamnati suna cewa wasu na amfani da kotu ne don jan lokaci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, to amma maganin jinkiri shi ne ƙarin alƙalai, domin kuskure ɗaya na iya mayar da mutum hannun waɗanda ya gudar wa.

Sai dai kada a zaci ƙofar mai faɗi ce. Kwana 35 doka ta ba mutum ya shigar da ƙara, sau da yawa ba shi da lauya, Turancin ma bai zauna masa ba. In ya yi nasara kuma, alƙali ba zai ba shi biza ba. Mayar da takardunsa za a yi gaban kwamiti a sake saurare, kuma kwamitin yana da ikon sake hana shi.