Jingina Ba Sayarwa Ba Ce: A Daina Miƙa Mabuɗi Tun Ba A Tambaya Ba



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu manyanmu a Sabo da Sasa da Ojoo da Bodija, duk lokacin da aka ce banki ko mai ba da bashi da ruwa ya manna takarda a ƙofar gidan ɗan'uwanmu. Sai ka ji an ce, "Ai mu baƙi ne, baƙo ba ya ja da ɗan gari, a yi haƙuri a bar wa Allah." To, mu dai a wannan ƙungiya mun gaji da jin wannan magana, kuma yau za mu faɗa ƙarara cewa ba ta da tushe, domin kuwa ita ce ke raba magidanta da gidajensu tun doka ba ta ce a raba su ba.

Wane irin baƙunci ne wannan da ba ya ƙarewa? Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a nan Ibadan. Akwai waɗanda a nan aka yanke cibiyar kakanninsu. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina a faɗin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko garin da ya fito. Dokar da ta tsare gidan Bayarabe a Mokola ita ce ta tsare na Bahaushe da ke maƙwabtaka da shi, babu ragi ko na anini.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce a ci bashi a hana ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci dole ya biya. Mun kuma san yadda mutanenmu suka shiga wannan hali: wasu dukiyarsu ta ƙone a rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, wasu cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023 suka karya musu jari, ga shi zuwa ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ɗora wa mutum. Abin da muke cewa shi ne, akwai tazara mai nisa tsakanin "ana bin ka bashi" da "gidanka ya zama nasu", kuma a cikin wannan tazara ne haƙƙinka yake.

Abu na farko da ya kamata kowane magidanci ya tambayi kansa shi ne: wace irin takarda na sa wa hannu? Domin ba duk jingina ce iri ɗaya ba. Idan takardun gidan kawai ka kai aka ajiye, wato takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O ko takardar cinikin fili, ba a ƙulla cikakkiyar yarjejeniyar jingina mai hatimi ba, to a ƙa'ida wanda ke bin ka ba shi da ikon sayar da gidan da kansa, sai ya je kotu ya nemi izini, kai ma a kira ka ka faɗi naka. Da yawa daga cikin masu yi mana barazanar "gobe za a yi gwanjo" wannan kaɗai ke hannunsu, sun kuma sani, mu ne ba mu sani ba.

Idan kuwa cikakkiyar jingina ce, nan ma akwai sharuɗɗa. A jihohin tsohuwar Jihar Yamma, irin su Oyo da Ogun da Osun da Ondo da Ekiti, dokar kadarori ta 1959 ce ginshiƙi. Legas ta yi tata daban a 2010, saboda haka 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba su tambayi lauyan can. A dokar 1959, sai ranar biya ta wuce sannan ikon sayarwa yake tasowa, kuma ba a amfani da shi sai ɗaya daga cikin abu uku ya faru: ko an ba ka notis a rubuce na neman kuɗin aka yi wata uku ba ka biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu yana kanka, ko ka karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. A lura da na biyun nan da kyau, wata biyu kacal. Kuma kada mu ɓoye muku, bankuna sukan rubuta a cikin yarjejeniya cewa an rage wannan wa'adi ko an ɗauke shi, doka kuma ta yarda da hakan idan ka sa hannu. Shi ya sa wanda ya karɓi notis ya cusa ƙarƙashin katifa don kada uwargida ta gani, ko don kada a ji a majalisa, ya sani kwanakinsa yake ƙonawa da hannunsa.

Wannan kunya ita ce babbar abokiyar gabarmu. Mutum ya yi wata shida yana fama shi kaɗai, ya rame, ya daina zuwa zaman majalisa, sai ran da aka zo da mai gwanjo sannan a ruga ofishin ƙungiya ana salati. A lokacin me za mu iya yi? Haƙƙin fansa yana nan daram muddin ba a ƙulla ciniki da mai saye ba: ka kawo uwar kuɗi da ruwan da ya halatta a doka da ɗawainiyar da aka yi, dole a mayar maka da takardunka, ko da ranar biya ta daɗe da wucewa. Amma da zarar an buga guduma, to labari ya sauya. Doka tana kāre wanda ya saya da zuciya ɗaya, kai kuma sau da yawa diyya kawai za ka iya nema. Tun 1973, a shari'ar Eka-Eteh, Kotun Ƙoli ta nuna cewa arhar farashi ita kaɗai ba ta isa a rushe ciniki ba, sai an tabbatar da zamba ko haɗin baki. Haka kuma kotu ba ta cika dakatar da gwanjo ba sai mai gida ya ajiye kuɗin da ake nema a hannunta. Wanda ya zo da wuri yana da ƙofofi da dama. Wanda ya makara, taga ɗaya ta rage masa.

To, ko an sayar ɗin, akwai wani haƙƙi da mutanenmu ke bari a ƙasa su yi tafiyarsu, abin yana ba mu takaici ƙwarai. Kuɗin gidan ba na banki ba ne gaba ɗaya. Zai cire ɗawainiyar sayarwa, ya cire bashinsa, abin da ya yi saura amana ce a hannunsa, taka ce. Idan ana bin ka naira miliyan takwas aka sayar da gida miliyan ashirin, ina sauran? Ka nemi lissafi a rubuce. Sannan wanda ke bin bashi ba shi da ikon sayar wa kansa, ko ya sa yaronsa ya saya masa ta bayan gida. Dokar masu gwanjo kuma ta ce a yi sanarwa ga jama'a aƙalla kwana bakwai kafin a yi gwanjon fili ko gida. Wanda ya saya ma, idan mutanen gida ba su fita ba, hanyarsa ita ce kotu da ma'aikatanta masu zartar da hukunci. Ɗauko 'yan daba a cire rufi ko a watsar da kayan mata a titi ba doka ba ce; a 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas kanta a shari'arta da Ojukwu kan irin wannan ƙarfa-ƙarfa, balle wani mai ba da bashi.

Maganar 'yan sanda kuwa gajeriya ce. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne, kuma babu dokar da ta ce a tsare ɗa ko mata a madadin maigida. Duk takardar da aka ce ka sa wa hannu a can don a sake ka, ka ce sai lauyanka ya gani.

Yanzu bari mu juyo gida, don ba duka ɓarnar daga waje take zuwa ba. A cikinmu akwai dillalai, sun san kansu, waɗanda da sun ji ƙishin-ƙishin ɗan'uwa ya shiga matsi sai su bayyana da fuskar tausayi: "Alhaji, gara ka sayar yanzu ka tsira da mutuncinka." Su ne masu yaɗa maganar baƙo ba ya ja da ɗan gari, domin la'adarsu tana cikin tsoronka. Akwai kuma masu karɓar jinginar gargajiya, su ba ka kuɗi su riƙe gida suna cin haya, bayan shekara goma su ce ai ya zama nasu. Ba haka ba ne. A 1974, a shari'ar Okoiko da Esedalue, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa abin da aka jinginar bisa al'ada ana iya fansarsa komai daɗewa. Matsalar kawai ita ce hujja: idan babu rubutu, shaidu kuma sun rasu, sai a wayi gari ana rantsuwa cewa sayarwa aka yi. Abin mamaki, mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta yi mana umarni da rubuta bashi, mu ne muka fi kowa cewa "ai akwai yarda".

Sai gidan gado. Ɗa guda ya ɗauki takardun gidan da ba a raba ba ya kai banki, ƙannensa mata da gyatumarsu ba su sani ba. Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne: ba wanda ke da ikon jinginar da rabon wani ba da yardarsa ba, kuma kuna da bakin magana a kotu. Kada a rufe ku da "a rufa asirin gida" alhali kuwa gidan ne ake shirin ɗaukewa.

Wasu sun ji labarin cewa idan babu amincewar gwamna jingina ta rushe, suna ta murna. Gaskiya ne sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya wajabta neman wannan amincewa, kuma a 1989 an rushe wata jingina a kan haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Amma daga baya kotuna sun nuna ba sa son mutum ya ci kuɗi sannan ya fake da takardar da shi ne ya kamata ya nemo. Lauya ya duba, amma kada a ɗora rai a kai, kuma ko jingina ta rushe bashi yana nan.

Haka batun wanda bai iya karatun boko ba. Akwai dokar da ta ce wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Sai dai a 1962, a shari'ar kamfanin PZ da Gusau da Kantoma, an yanke cewa mai iya karatu da rubutu a wani harshe, ko da ba Turanci ba, bai shiga ƙarƙashin wannan kariya ba. An samu hukunce-hukunce daga baya da suka sassauta, amma mu masu ajami da allo kada mu dogara da sa'a. Mu da muka zauna ajin yaƙi da jahilci da furfurarmu mun san abin da ake ji idan aka miƙo takarda mai shafi ashirin aka ce "sa hannu nan da nan". Ka ce a ba ka kwafi ka je gida. Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya ce sai gobe.

Ga wanda takarda ta riga ta iso masa, ya rubuta wa bankin yana neman cikakken bayanin asusunsa tun daga ranar farko, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Sau da yawa akan tarar da cajin da ya wuce ƙa'ida, kuma Babban Banki yana da sashen kāre haƙƙin abokan hulɗa da ake kai ƙara idan banki ya ƙi gyarawa. Ya nemi a sake tsara masa biya, ko a ba shi dama ya nemo mai saye da kansa a farashin kasuwa, wanda kusan kullum ya fi na gwanjo. Duk abin da aka amince a rubuta, don alkawarin manaja na baka ba ya hana guduma sauka. Akwai zauren sulhu da ke ƙarƙashin babbar kotu, a nan Oyo da kuma Legas, inda ake zama a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba. Marar ƙarfi kuma ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya ya ji ko ya cancanta. Idan sammaci ya zo, a je. Wanda bai je kotu ba, a bayan idonsa ake yanke masa hukunci.

Ofishin ƙungiya a buɗe yake, kuma abin da aka faɗa a ciki ba ya fita majalisa. Mai zuwa ya taho da kwafin yarjejeniya, da notis ɗin tare da ambulan da ya zo a ciki saboda kwanan wata, da duk rasit na abin da ya taɓa biya. Idan gidan na gado ne, a zo da sauran magada, maza da mata.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya