A duba wutar gida kafin a biya adibas

Duk mai ɗan'uwa a Bronx ya san yadda kaya ke iso mana Zongo cikin durom ko kwantena: injin markaɗe, dutsen guga, injin aski, wani lokaci har firij. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta ECG kuwa 230. Ka soka injin markaɗen can kai tsaye a bango, hayaƙi ne zai ba ka amsa.

Cajar waya ba ta da matsala, in ka duba jikinta za ka ga an rubuta 100–240V. Sauran kayan sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kuma ko da ita, injin da aka ƙera don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa yakan yi zafi a kan tamu mai bugu 50.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarar da na gani a wasu gidaje tsakanin Aboabo da Sawaba. A ɓoye taransifoma cikin silin, a ja waya zuwa soket ɗaya ko biyu, a sa musu fuska mai rami uku irin ta sauran, ba rubutu, ba alama. Mai gida ya san wanne ne wanne. To matarsa fa? Yara fa? Ɗan hayar da zai shiga bayan shekara biyar fa? Ga taransifomar tana ɗumi dare da rana kusa da katakon rufi, a gidan da ɗaki goma ke jingine da juna. Wallahi wannan ba wayo ba ne. Kayan bolt 120 a ba su soket irin na Amurka, a bar taransifomar a fili inda iska ke bugunta.

Doka kuwa tana nan. Tun 2011 aka yi L.I. 2008, wadda ta ce aikin wayar gida sai mai lasisin Energy Commission. Amma mu, in za mu kama ɗaki, fenti muke dubawa da banɗaki da nisan masallaci. Mu ƙirga adibas ɗin shekara biyu (alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda), ba wanda ya ce a buɗe akwatin fis.

Ni dai shawarata, kafin kuɗi su bar hannunka, ka zo da mai aikin wuta, ka ce ya nuna maka katin lasisinsa. Ya sa mita a kowane soket, ya gwada wayar ƙasa, ya duba ko an ɗaure fis da zaren waya, ya leƙa silin. In mai gida ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba, ka ce masa: "Alhaji, ba kai nake tuhuma ba, wayar da aka ja tun kafin a haife ni nake so a gani."